Darasi na 24: Daga Tirmini zuwa bakin teku

Garinmu Tirmini ne, yamma da Damagaram, a kan hanyar Maradi. Ruwan da na sani tun ina ƙarami shi ne na rijiya da na tabki. Tabki kuwa, da rani ya yi sai ya ƙafe. Ran da malam ya ce mana akwai ruwan da ba a hangen ƙarshensa, na ɗauka tatsuniya ce.

Shekarar da na gama aji na biyar, kawuna ya zo ganin gida. Fataucin albasa yake yi tsakanin Galmi da Kumasi, a ƙasar Gana. Ya roƙi Baba ya bar ni in bi shi a babban hutu. Baba ya ce sai an gama maimai. Da aka gama, na ƙulle ƴan kayana, muka kama hanya.

Hanya

Muka bi ta Maradi da Birnin Ƙonni da Dosso har Yamai. Muka ƙetare kogin Kwara, muka wuce Wagadugu, muka shiga Gana. Muna yin kudu, gero yana raguwa, masara da doya da rogo suna ƙaruwa. Bayan Tamale itatuwa suka yi ta ƙara tsawo, har muka shiga kurmi.

A zangon Kumasi na ji ana ciniki da Hausa, na yi mamaki. Kawu ya ce: "Kakannin waɗannan mutane fataken goro ne. Da jakuna suke zuwa Gwanja, su kawo kanwa da fatu da tufafi, su koma da goro. Wasu suka zauna, suka kafa zango."

Teku

Da Kawu ya sayar da kayansa, sai muka tafi Elmina, wani gari na masunta. Tun ban ga teku ba na ji rugugi kamar na hadari. Da muka fito kan rairayi, sai na tsaya cik. Ruwa ne iyakar ganina, ya haɗe da sama. Sunansa Atlantika.

Na ɗiba da hannu na kai baki, na tofar. Gishiri ne zalla! Igiyar ruwa ta zo ta doke ni har gwiwa. Da za ta koma, sai na ji tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafata. Kawu ya cafke hannuna, ya ce: "Yaro, wannan ba tabkin garinku ba ne. Ko gwanin iyo yana jin tsoronsa."

Da hantsi mun bar ruwa kusa da wani dutse. Da la'asar muka tarar ya ja baya da nisa. Haka teku yake cika yana janyewa sau biyu a kwana guda. Ƙarfin jan da wata yake yi wa ruwan duniya ne babban dalilin haka.

Masunta suna da manyan jiragen katako masu fenti launi-launi. Ran Talata kuwa ba sa shiga teku. Ranar suke ɗinkin taru da gyaran jirage.

Abinci

Wata mata ta kawo mana dokunu. Ƙullun masara ne da aka bari ya yi tsami, aka naɗe shi da ganye, aka dafa. Ana cin sa da soyayyen kifi da barkono. Loma ta farko ta sa na yamutsa fuska. Kawu ya yi dariya, ya ce baƙo ba ya raina tuwon masu gida. Kafin kwana uku ni ke cewa a ƙaro. Na kuma ci soyayyen agade, na sha ruwan ɗanyar kwakwa.

Amma da safe, me zan gani? Koko da ƙosai! Akwai kuma shinkafa da wake, wadda mutanen Gana suke kira "waakye", da tuwon da suke kira "tuo zaafi", wato tuwo mai zafi. Sunayen nan daga Hausa suka samo asali.

Tsohon gini

A bakin tekun akwai wani ƙaton farin gini na dutse, da igwa jere a kan katangarsa. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, don cinikin zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingilishi a 1872. A gefensa akwai kufan tsohon garin Elmina, wanda Ingilishi suka rushe da igwa a 1873.

Mai yi mana jagora ya kai mu ɗakunan ƙasa. Duhu ne da zafi, iska ba ta shiga sosai. Nan ake tsare bayi, maza dabam, mata dabam, har jirgi ya zo. Ya nuna mana wata ƴar ƙofa mai duban teku. Wanda aka fitar ta nan, an kai shi ƙasashen Amurka ke nan, ba zai sake ganin gida ba.

Na fito jikina a sanyaye. Na ce: "Kawu, don me ba a rushe gidan nan ba?"

Ya ce: "In an rushe shi, wa zai gaya wa na baya abin da aka yi? Kuma ka sani, ba a nan kaɗai aka sayar da mutane ba. Ayarin da ke tashi daga Damagaram zuwa Tarabulus ma sun tafi da bayi ta hamada."

Komowa gida

Da na komo, na zauna ina ba Kaka labari, ina ta kuri. Ya bari sai da na gama, ya ce: "To, abokina, ka ga na wasu. Me ka sani game da ƙasar da kake zaune a kanta?" Na yi shiru.

Ya ce: "A nan Tirmini, ƙarshen watan Yuli na 1899, Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya tari sojojin Faransa. Bindigoginsu suka fi ƙarfin mayaƙansa, suka wuce suka kama birni. Sarki bai miƙa wuya ba har suka kashe shi a shekarar nan."

Ran nan Kaka ya kai ni unguwar Birni. Ya nuna mini gidan sarki, da abin da ya rage na ganuwar da Sarki Tanimun ya gina. A zamanin Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram har igwa suke ƙerawa. Ganuwar ta ƙasa ce, ba ta dutse ba. Kowace damina ruwa yana cin ta. Na sha wucewa ta wurin, amma sai ran nan na dube ta da kyau. Na ce a raina, in ta ƙarasa zubewa, me zan nuna wa nawa jikokin?

Ma'anar kalmomi

Maimai: noma na biyu.
Taru: babbar ragar kamun kifi.
Igwa: babbar bindiga ta yaƙi.
Kufai: wurin da aka taɓa zama, aka tashi.
Ganuwa: katangar da ta kewaye birni.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa suka bi kafin su shiga Gana?
2. Me ke sa teku ya cika ya janye?
3. Me ya kai Hausawa Kumasi tun zamanin da?
4. Shekara nawa ke tsakanin 1482 da 1899?
5. Don me Kawu ya ce kada a rushe ginin Elmina?

Aiki

Ku zana taswirar tafiyar nan, ku rubuta sunayen ƙasashen da Hausa da Faransanci. Sannan kowa ya tambayi wani dattijo labarin kufai ko tsohon ginin da ke kusa da garinsu, ya rubuto shi cikin layi goma.