Karayar Hanci: Yaushe Ake Bukatar Hoto?

Jama'a, a cikin ƙasusuwan fuska babu wanda ya kai na hanci yawan karyewa, domin shi ne a gaba. Naushin dambe, faɗuwa daga babur, karo a filin ƙwallo, duk a karan hanci sukan sauka. Sai a garzaya asibiti ana cewa, "Likita, a yi masa hoto." In likita ya ce babu bukata, sai a ɗauka sakaci ne. To, ku saurara.

Yadda ake gane karayar

Saman hanci ne kaɗai ƙashi. Sauran guringuntsi ne, shi kuwa ba ya fita sosai a hoton ƙashi. Hoton yakan ɓoye sabuwar karaya, yakan kuma nuna tsohuwa kamar ta yau. Saboda haka likita yakan dogara da idonsa da hannunsa. Zai tambayi yadda abin ya faru, ya duba ko hancin ya karkace, ya taɓa ya ji ko ƙashin na motsi, ya ga ko iska na wucewa ta kowace kafa.

Sannan zai haska ciki. Wani lokaci jini yakan taru a jikin bangon da ya raba kafofin biyu. In ba a zuƙe shi da gaggawa ba, sai guringuntsin ya mutu cikin 'yan kwanaki, hanci ya lotsa. Haskawa ke tona wannan, ba hoto ba.

Inda hoto ya zama dole

Akwai babban hoto da ake kira CT, wanda aka fara yi wa majiyyaci a Landan a 1971. Shi ake nema idan ana zargin ɓarnar ta wuce hanci: mutum ya suma ko yana ta amai, yana ganin abu biyu-biyu, kuncinsa ya mutu, haƙoransa ba sa haɗuwa daidai, ko wani ruwa garai-garai na ɗiga daga hancinsa. Kowanne aka gani, kada a kwana a gida.

Kafin a isa asibiti

A zaunar da wanda ya ji raunin, ya sunkuyar da kai gaba, a matse taushin hancin minti 10 zuwa 15 don haɓo ya tsaya. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora a kan hancin. Kada ya fyace, kada a ba shi asfirin, kada kowa ya ce zai miƙe hancin.

Komawa

Kumburi yakan saɓe cikin kwana 5 zuwa 7, sai a ga ainihin karkatar. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro yakan gyara ta kafin mako biyu ya cika, na yara ma tun kafin haka, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya bari ƙashi ya kama a karkace, sai babbar tiyata. Don haka ranar da likita ya ce ku dawo, ku dawo.