Yadda na'urar VR ke taimaka wa yara masu raunin ido ɗaya

Akwai yaron da idonsa ɗaya ba ya gani sosai, alhali idon lafiyarsa ƙalau. Matsalar a ƙwaƙwalwa take: tun yana ƙarami ta saba dogara da ido mai ƙarfi, ta yi watsi da hoton da ɗayan ke aiko mata. Sau da yawa harara-garke ne ke jawo hakan.

Hanyar da aka saba ita ce tabarau, sannan a rufe ido mai ƙarfin da filasta na wasu awanni kullum. Yara kuwa sun tsani filastar, da an kau da kai sun ɓare ta.

A Oktoban 2021 hukumar FDA ta Amurka ta amince da manhajar Luminopia ga yara 'yan shekara 4 zuwa 7. Yaro zai sa na'urar VR ya kalli katun awa ɗaya a rana, kwana shida a mako. Dabarar mai sauƙi ce: manhajar na dusashe hoton da ke zuwa ido mai ƙarfi, ta kuma ɓoye wa kowane ido wani sashe, dole ƙwaƙwalwa ta haɗa biyun kafin hoton ya cika.

Likitan ido ne ke rubuta ta bayan gwaji. Wasannin "gyaran ido" na Play Store ba madadinta ba ne.