Darasi: Yadda Ake Shan Maganin Taɓin Hankali

'Yan'uwa, Largactil, wanda aka fara ba masu taɓin hankali a Faransa a 1952, ba kamar Panadol ba ne. Likita yakan fara da kaɗan, galibi da dare domin yana sa barci, sa'an nan ya ƙara a hankali. Sai an yi makonni kafin jin muryoyi ya ragu. Kuskuren da na fi gani a ƙauyukanmu: da mutum ya sami sauƙi sai a daina, ciwon kuwa ya komo. Mai yawan mantuwa, akwai allurar haloperidol ta wata-wata. In wuyansa ya sandare ko hannu yana rawa, ba aljani ba ne, maganin ne. Ku kai shi asibiti a ranar.