Masu Gadin Ƙofar Jiki, da Aikin Wani Likita a Zariya

Ya ku 'yan'uwa mutanen Yargalma, da na sauran garuruwan ƙasar Bukkuyum da Anka da Gummi, akwai wata mas'ala wadda magidanta da yawa suka gani da idonsu, ko da ba su tsaya sun yi mata bahasi ba, watau yadda sanƙarau kan shiga gidan da yara ke kwana ɗaki ɗaya, suna shan ruwan randa ɗaya, ya kama guda ya ƙyale saura. Mun yi imani babu abin da ke samun bawa sai da ƙaddarar Ubangijinsa. Amma Shi wanda ya ƙaddara, Shi ne ya sanya wa kowane abu sababi, kuma neman sanin sabubba bai taɓa zama saɓo ba a wurin malamanmu. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana ɗaya daga cikin waɗannan sabubba, ta hanyar labarin wani likita da ya yi shekara goma yana bincikensa a cikin ƙasar Hausa.

Ku sani garkuwar da Allah ya ba jikin ɗan Adam iri biyu ce. Akwai wadda jiki ke koya bayan ya gamu da cuta ko an yi masa allurar rigakafi, ita ce dalilin da ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yinta. Wannan tana da kaifin tunawa, sai dai takan ɗauki kwanaki kafin ta yi ɗamara. Akwai kuma ta halitta, wadda jariri ke fitowa da ita daga cikin mahaifiyarsa, ba ta jiran darasi: fata, da majinar da ke lulluɓe cikin hanci da maƙogwaro, da tsamin ruwan ciki, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye ƙwayar cuta. Misalinta kamar ganuwa ce da masu gadin ƙofa, waɗanda ba su san sunan maharin ba, amma sun san ba ɗan gari ba ne, sai su tare shi kafin mayaƙan sarki su hau dawakai.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Ilya Metchnikoff, shi ne ya buɗe wannan babi a 1882 a birnin Messina na Italiya, yayin da ya soka ƙayar fure a jikin 'ya'yan wata ƙaramar halittar teku, da gari ya waye ya iske wasu ƙwayoyi na jikinta sun yi wa ƙayar zobe. Aka ba shi kyautar Nobel a 1908. Bayansa Jules Bordet na Beljiyam ya tabbatar da cewa a cikin ruwan jini akwai wasu sinadarai masu huda ƙwayar cuta su fasa ta, waɗanda za mu kira sinadaran ciko, shi ma ya sami kyautar ta 1919. Wannan duka a Turai aka yi shi.

Wanda ya kawo irin wannan tambaya ƙofar gidanmu shi ne Brian Greenwood, Bature ɗan Ingila, wanda aka haifa a 1938, ya yi karatun likita a Kambirij da Landan, ya zo asibitin koyarwa na Ibadan a 1965. A can ne ya lura da wani abu da wasu suka wuce ba su kula ba, cewa cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin su wani nau'i na sanyin gaɓoɓi da ya yawaita a Ingila, ba su cika samun mutanen wurin ba. Ya yi zaton yawan zazzaɓin cizon sauro tun yarinta yana sauya halin garkuwa, ya rubuta haka a 1968. Ya koma gida ya ƙaro ilmin wannan fanni, sa'an nan a 1970 ya sauka Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke kafa sashenta na koyar da likitoci, ya zauna har 1980.

Zariya kuwa tana cikin yankin da sanƙarau ke zagayowa, daga Senegal har Habasha, saboda haka duk rani ɗakunan asibiti sukan cika. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Hilton Whittle, da likitocinmu matasa na lokacin irin su Idris Mohammed da Sadiq Wali, suka duƙufa kan tambayoyi masu amfani ga talaka. Suka gwada hanyar gane ƙwayar a ruwan ƙashin baya cikin sauri. Suka nuna cewa allura guda ta wani magani mai mai, mai daɗewa a jiki, tana iya warkar da mai sanƙarau, abin da ya zama rahama ga ƙauyukan da ba su da ma'aikacin da zai yi ta maimaita allura dare da rana. A 1976 suka auna sinadaran ciko a jinin marasa lafiya, suka ga waɗanda ƙwayar ta mamaye musu jini sinadaran sun ragu ƙwarai, alamar an ƙone su a cikin faɗa, kuma suka yi zaton wannan tashin hankali na garkuwar kanta yana cikin abin da ke karya bugun jini har a rasa rai. Haka nan suka tabbatar da cewa yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama, jikinsa ba ya amsa wasu allurai na rigakafi kamar na mai lafiya. Cuta ɗaya tana buɗe wa wata hanya ke nan.

Amma abin da ya fi cancanta ku riƙe, a ganina, shi ne bincikensu a kan lokaci. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsu, suna cin tuwonsu lafiya, ba su sani ba; kuma binciken Zariya ya nuna ƙwayar ba ta daina yawo tsakanin jama'a idan damina ta sauka, cutar ce kawai ke ja da baya. To, me ya sauya tsakanin watan Maris da na Yuli, alhali ƙwayar tana nan? Ra'ayinsu shi ne bushewar iska, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, su ke raunana wannan laimar da ke cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar da take zaune a waje ta sami kafar shiga jini. Daga Zariya Greenwood ya tafi Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike shekara goma sha biyar, inda aka nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara. Kuma maganin zazzaɓi da ake bi gida gida ana ba yaranku kowane wata da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, yana cikin abin da ya sa wa hannu.

Kada wani ya ji wannan ya ce garkuwar halitta ta ishe shi. Allurar da aka soma a Nijeriya a 2011 ta karya lagon nau'in sanƙarau na A, sai nau'in C ya ɓullo, annobarsa ta 2017 ta soma daga ƙasar Zurmi, aka ƙidaya fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, fiye da 1,100 suka rasu, Zamfara ce ta fi shan wuya. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma sabuwar allura mai kare nau'i biyar a haɗe.

Ku kuma mutanen Yargalma kuna da wata ƙura bayan ta hunturu, kun san ta fiye da kowa tun musibar 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta ɗauke yara fiye da 400 a wannan yanki. Dalma ba ƙwayar cuta ba ce, babu farin ƙwayar jini da zai kashe ta; garin dutsen kuwa, idan ya kai huhu, ƙwayoyin nan masu haɗiya sukan haɗiye shi su kasa narkar da shi, su mutu, wurin ya yi tabo, mai shi ya zama ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Saboda haka a jiƙa dutse da ruwa kafin a niƙa, a yi aikin nesa da gida, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro. Wanda kuwa ya ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, musamman tsakanin Disamba da faɗuwar ruwa, to, ya kai shi asibiti a wannan yinin, domin sanƙarau yana iya kisa cikin kwana guda.