Israfi a Masana'anta: Nasiha Daga Ɗakin Tukunyar Tururi

Sana'ata ita ce kula da wuta da ruwa da tururi a wata masana'anta wadda take sarrafa dawa ta mayar da ita abin shan malt, irin marar sa maye ɗin nan da ake ajiye wa baƙi ranar suna da ranar ɗaurin aure. Tun da na kama wannan aiki kuwa, babu abin da ya fi tsaya mini a rai kamar ganin yadda dukiya mai yawa take sulalewa ta bututun hayaƙi da magudanar ruwa, masu masana'anta suna kukan tsadar mai, manoman da suke kawo mana dawa suna kukan rikicewar damina, alhali kuwa idan aka bi diddigi, kukan nan biyu tushensu guda ne.

Masana sun tabbatar da cewa iskar kabon, wadda take fita duk lokacin da aka ƙona gawayi ko gas ko man dizal, tana taruwa a sararin samaniya ta riƙe zafin rana, kuma kafin zamanin manyan injuna yawanta bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, amma yau ta haura 420. Saboda haka ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Paris a 2015, Nijeriya kuma ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa kafin 2060 za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shafewa. To, wanda zai cika alkawarin nan a aikace shi ne mai riƙe da sifana a ɗakin inji, domin kowace lita guda ta dizal da janareta ya sha, kusan kilo 2.7 na iskar kabon ke nan ya tashi sama, kuma ma'aikaci ne yake sanin inda litar nan ta tafi a banza.

Ya kamata in bayyana wa mai karatu yadda aikin yake, don ya fahimci inda ɓarnar take ɓuya. Ana jiƙa dawa, a bar ta ta yi tsiro, a busar da ita da iska mai zafi, a niƙa, a dama da ruwan zafi har sitacinta ya koma zaƙi, a tace, sa'an nan a tafasa ruwan na sa'a guda ko fiye. Har zuwa wannan mataki, aikinmu da na masana'antun giya iri ɗaya ne, injunan ma iri ɗaya. A nan ne hanya take rabuwa, su su zuba yis su bari ya yi aikinsa, mu kuwa mu sanyaya, mu ɗura a kwalba, mu dumama kwalbar don kashe ƙwayoyin cuta. Da can da sha'ir na ƙasashen waje ake yin wannan duka, sai a 1988 gwamnati ta hana shigo da tsironsa, masana'antu suka juyo ga dawar Arewa, kuma irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta inganta, kamar gajeriyar kaurar nan SK 5912, ya shiga tukunya. Da yawa daga cikin dabarun tsimin da zan ambata masana'antun giya na Turai suna aiki da su, kuma ban ga aibi ga Musulmi ya ɗauki ilmin tanadi daga duk inda ya same shi ba, tun da hikima abar nemansa ce.

Babban mai cin mai a irin wannan masana'anta shi ne tururi, kuma shi ne ya fi saurin gudu. Idan tururi ya gama dumama tukunya sai ya koma ruwa mai tsananin zafi, tatacce, wanda an riga an kashe kuɗi wajen tsarkake shi. Amma sau da yawa na ga an bar shi yana kwarara cikin lambatu, sa'an nan a ɗebo ruwan sanyi daga rijiya a sake ƙona mai don a tafasa shi tun daga farko. Ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 6 a ruwan da ake shayar da tukunya yana rage kusan kashi ɗaya cikin ɗari na man da take ci, saboda haka mayar da ruwan nan gida shi ne aikin farko. Na biyu shi ne rufe bututu da bawul da mayafin da yake hana zafi fita, domin bututun da ka taɓa ya ƙone maka hannu, sararin Allah kawai yake dumamawa da kuɗinka. Na uku shi ne kama tururin da yake tashi daga tukunyar tafasa, a bi da shi ta wata na'ura ya ba da zafinsa ga ruwan da za a dafa a gaba. Haka nan iskar da ake matsawa don tafiyar da injunan ɗura kwalba: a masana'antar da ba a kula da ita sosai, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar nan yana zurarewa ta ƙananan huji, kuma hanya mafi sauƙi ta gano su ita ce zagayawa ranar da injuna suke hutu, a kasa kunne a ji inda take huci.

Sai ruwa, wanda shi ne ran sana'ar. Mai shan kwalba guda bai san cewa an kashe ninkinta da yawa kafin ta iso hannunsa ba, wajen wankin kwalabe da tankuna da daɓe da sanyaya injuna. Masana'antun da suka ƙware sun sauko kusa da lita 3 ta ruwa a kan kowace lita guda ta abin sha, waɗanda suka yi sakaci kuwa suna kai 6 ko 7, har fiye. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu tun muna yara cewa israfi cikin ruwan alwala abin ƙi ne ko da mutum yana bakin kogi. Idan haka hukuncin yake ga abin da bai wuce cikin buta ba, ina ga wanda yake zuƙo dubban ganguna daga ƙarƙashin ƙasa a unguwar da rijiyoyin maƙwabta suke ƙafewa da bazara? Ruwan ɗaurayar ƙarshe na wankin tanki yana da tsabtar da zai yi wankin farko na tanki na gaba, tiyon da aka sa masa baki mai rufe kansa ba ya zuba idan ma'aikaci ya ajiye shi, kuma kowace lita da aka yi tsiminta an yi tsimin lantarkin da zai jawo ta da man da zai dumama ta.

Ruwan da ya riga ya ƙazantu ma yana da nasa hukuncin. Yana ɗauke da zaƙi da gari, idan aka sake shi cikin rafi sai ya ruɓe ya shanye iskar da kifi suke rayuwa da ita, ya cutar da masu noman rani da makiyayan da suke ƙasa da mu, wannan kuwa zalunci ne ko da babu hukumar da ta gani. Idan kuma aka tara shi a buɗaɗɗen kududdufi, sai ya fitar da iskar metan, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi kusan sau 28 a cikin shekara ɗari. Amma tun cikin shekarun 1970 wani malami mai suna Gatze Lettinga, na Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan, ya ƙirƙiro wani rufaffen tanki inda ƙwayoyin halitta suke cinye dattin nan ba tare da iska ba, metan ɗin ya taru a sama, a ja shi da bututu a ƙona a tukunyar tururi. Ta haka abin da zai zama fasadi a rafi da sama ya koma makamashi, ya rage gas ɗin da ake saye.

Haka al'amarin dusa yake. A kan kowace lita 100 ta abin sha akan bar kimanin kilo 20 na jiƙaƙƙiyar dusa, mai gina jikin dabba ƙwarai, sai dai kusan kashi huɗu cikin biyar nata ruwa ne, kuma a zafin ƙasarmu ba ta kwana uku ba ta yi tsami ba. Idan aka tsara yadda masu kiwon shanun madara da masu turkar raguna za su kwashe ta a ranar da ta fito, ko aka matse ta aka busar da sauran zafin tukunya, ta zama abinci a lokacin da ciyawa take wuya. Idan aka yi jinkiri ta zama juji mai wari da metan. A garin Leoben na ƙasar Ostiriya akwai masana'antar Göss, wadda take mayar da dusarta gas, take karɓar rarar zafi daga wata ma'aikatar katako da ke maƙwabtaka da ita, take kuma dumama ruwa da hasken rana, har ta daina dogaro da man ƙasa wajen dafuwarta. A nan gida ma, kamfanin Nigerian Breweries ya kafa faifan lantarki mai amfani da rana na kimanin kilowat 660 a rufin masana'antarsa ta Ibadan a 2021, ga shi kuwa ranar Kano da Sakkwato ta fi ta Ibadan ƙarfi.

Wani babban kaso na hayaƙin kuma a wajen katangarmu yake tashi, amma da sunanmu. Ana narka gilashi ne a zafin da ya kai digiri 1,500, don haka kwalbar da aka mayar cikin kiret, aka wanke aka sake cikawa sau ashirin ko fiye, ta fi wadda aka fasa bayan sha ɗaya nesa ba kusa ba. Gwangwanin alminiyom da aka narka aka sake ƙerawa yana cin kusan kashi 5 kacal cikin ɗari na wutar da sabo yake ci, wanda ya nuna cewa 'yan jari bola da ake raina wa sana'a abokan aikinmu ne, sun cancanci farashi na adalci da safar hannu da mutunci. A gona kuma, takin yuriya da aka watsa a sarari ba a binne ba, wani sashensa yana bin iska, manomi ya yi hasarar kuɗinsa, wanda ya wuce bukatar shuka kuma yana haifar da wata iska da ta fi ta kabon illa fiye da sau 270. Masana'antar da take sayen dawa tana da hakkin ta aika malaman gona su koyar da binne taki da haɗa shi da na gargajiya da juya shuka da wake, domin amfanin hakan gare ta yake komawa.

Nasihata ga 'yan'uwana ma'aikata da shugabanninmu, har da masu kamfanonin lemo da madara da ruwan leda da shinkafa, ita ce a bi abin daki-daki. A fara da awo: a sa mita a kan ruwa da tururi da lantarki na kowane sashe, a rubuta abin da aka ci a kan kowace lita 100 da aka sarrafa, a liƙa shi inda kowane ma'aikaci zai gani kowace safiya, domin mutum ba ya tsimin abin da bai san adadinsa ba. Daga nan a toshe yoyo, a rufe bututu, a mayar da ruwan zafi, waɗanda galibinsu suke mayar da kuɗinsu cikin watanni. Bayan an rage bukata sai a sayi faifan rana da tankin gas daidai da ita, don kada a ci bashi a sayi wutar da za ta bi huji ta fice. Kuma a saurari ƙananan ma'aikata, a saka wa wanda ya kawo shawara mai amfani, saboda mai aikin dare ya fi manaja sanin bawul ɗin da yake ɗiga.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora wa ɗan Adam amanar ƙasa, ya kuma hana shi almubazzaranci da ɓarna a bayanta, kuma ban san wata fatawa da ta cire masana'anta daga cikin wannan hukunci ba. Ruwan da muke ja da iskar da muke gurɓatawa hakkin jama'a ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna, za a kuwa tambaye mu yadda muka yi da su. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ba mu damina mai albarka.