Filin Gwaggo: Mako Guda a Kan Teku da Suruka

 Maigidana ya biya mana kuɗin tafiyar mako guda a irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa. Za mu tashi daga Dubai, mu zaga Abu Dabi da Doha, mu dawo. Da mu da yaranmu biyu da Hajiyarsa. Tun da ya faɗa mini ban yi barcin kirki ba. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa da hawan jini, ni kuwa ko a mota amai nake yi, ga shigar ciki wata uku da ban ma sanar da ita ba, tafiyar kuma saura wata biyu. Ɗakunan da ya kama marasa taga ne, don sun fi araha. Wanda ya sayar masa da tikiti yana ta matsa masa ya ƙara kuɗin abin sha, wai in ba haka ba ko ruwa sai mun saya. To me ma za mu ci a can? Ina jin nauyin in yi ta jero masa tambayoyi, kada ya ce na raina ƙoƙarinsa ko na cika ƙauyanci.

Mai Zullumi, Kaduna.

'Yata, Allah ya raba lafiya. Amma bari in fara da ja miki kunne. Wata biyu ya rage, kina kwance kina juyi da dare, mijinki na gefe yana minshari da zaton ya faranta miki. Wa kika taimaka da wannan shirun? Mutumin da ya zuba kuɗinsa don ku ji daɗi, abin da zai fi ɓata masa rai shi ne ku isa bakin jirgi a ce ba za ki shiga ba. Kuma hakan na iya faruwa.

Maganar cikin nan ita ce gaba da komai. Manyan kamfanonin jiragen nan ba sa ɗaukar mace in cikinta zai kai mako 24 kafin a gama tafiyar, domin asibitin jirgi ɗan ƙarami ne, ba shi da kayan riƙe bakwaini. Ke wata uku kika ce, a ƙara wata biyu, kin ga kin matso kusa da iyakar. Mu mata mun saba lissafi da wata, su kuwa da mako suke ƙirgawa. Gobe ki je wurin likitarki ta ƙirga miki daidai, ta rubuto takardar da ke nuna makon cikin da cewa kina iya tafiya. Ki riƙe takardar tare da fasfo. Ita kuma Hajiya, a sanar da ita. In nauyinta kike ji, ɗanta ya faɗa mata. Gara ta sani tun daga gida, da ta gan ki kina kakarin amai a tsakiyar teku hankalinta ya tashi, ga hawan jini.

Sai ɗaki. Ɗaki marar taga ba abin kunya ba ne. Gado ɗaya ne da na mai baranda, abinci ɗaya za ku ci, wasanni ɗaya za ku kalla. Masu son barci ma sun fi son sa, don in aka kashe fitila duhu ne ƙirin, sai dai ki sa agogon waya ya tashe ki asuba tun da babu hasken da zai nuna miki gari ya waye. Abin da ya kamata ki tambaya shi ne a ina ɗakin yake. Jirgi ya fi tangaɗi a goshinsa da bayansa da kuma can sama. Tsakiyarsa, a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne ya fi natsuwa. Mai jiri irinki can ya dace da ita. Akwai kuma wani tikiti mai rahusa da kamfani ne ke zaɓa wa mutum ɗaki daga baya. In irinsa mijinki ya saya, za a iya jefa ku a goshin jirgi, a kai Hajiya wani hawan daban. Ki dubi takardar. In babu lambar ɗaki a jiki, to shi ne. Ku ƙara ɗan abin da za a ƙara ku zaɓa da kanku, araha ba ta ado.

Jiragen nan wasunsu sun haura mita 300 a tsawo. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, in ɗakinta ya yi nisa da lif, kafin ta isa wurin cin abinci ta gaji, kwana biyu za ta ce ita dai a bar ta a ɗaki. Daga nan kuma kin san sauran, ke za a ce kin bar ta da yunwa. A samo mata ɗaki kusa da lif, kusa da naku. Ku kuma dubi abin da ke samanku a taswirar jirgin. In wurin cin abinci ne ko wurin kiɗa, za ku kwana kuna jin jan kujeru. Ɗakin da ke da ɗakuna sama da ƙasa shi ne mai shiru. Ke kuwa in zuciyarki ta fara tashi, fita ki sha iska, ki kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, ki ɗan tauna citta. Kada ki haɗiyi ƙwayar hana amai ko ɗaya sai wadda likitarki ta yarda da ita.

Yanzu ga mai tikitin nan da ke cewa ko ruwa sai kun saya. Ya faɗi rabi ya ɓoye rabi. Ruwan gora da lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace da ake matsewa nan take da kofi na musamman, waɗannan kam da kuɗi ne. Amma a babban wurin cin abinci inda kowa ke ɗiba da kansa akwai injin ruwan sha da ruwan zafi da ganyen shayi da kofi, duk a cikin kuɗin da kuka riga kuka biya. Ki tafi da gorarki ta ruwa.

Shi wannan kuɗin abin sha na jimla, kan kowane mutum ake lissafa shi, a kowace rana, har ƙarshen tafiya. Ba a sayen na kwana biyu a bar sauran. Masu tsadar cikinsu saboda giya aka yi su, kuma a yawancin kamfanoni in babba ɗaya a ɗaki ya sayi na giyar, dole sauran manyan ɗakin su saya. Ku da ba ku sha, me ya kai ku? Mijinki ya tambaya a fili: wanne ne wannan, mai giya ko marar giya? Akwai na lemo da kofi zalla, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ko shi ɗin ma ku zauna ku yi lissafi. A ce dala 30 ne a rana, ku manya uku, kwana 7, dala 630 ke nan ba a sa yara ba. Hajiya mai hawan jini kwalba nawa za ta sha? Ke mai ciki kofi nawa aka yarje miki? Ga shi rabin kwanakin kuna cikin gari kuna yawo. In yaran ne masu shan lemo, a saya musu nasu su kaɗai in kamfanin ya yarda, ku manya ku riƙa biyan abin da kuka sha. Kada a sayi na mutum ɗaya a sha tare, sun hana, kuma in suka gane sukan soke shi ba tare da mayar da kuɗi ba.

Akwai wani kuɗin da na tabbata mai tikitin bai yi zancensa ba. Kusan duk jiragen nan suna ɗora kuɗin hidimar ma'aikata a kan kowane fasinja kowace rana, sannan abin shan da aka saya ɗaiɗai akan ƙara masa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Haƙƙin masu gyara muku gado ne da masu kawo muku abinci, mutanen da ke barin iyalansu wata da watanni. A biya da zuciya ɗaya, amma a san da shi tun daga gida, don kada ranar ƙarshe maigida ya ga takarda fuskarsa ta canza, daɗin mako guda ya tafi a banza.

Abinci kuwa, 'yata, ba za ku ji yunwa ba, sai dai ku yi hattara. Wuri biyu ne ke cikin kuɗinku: wurin ɗiba da kai, da babban ɗakin da ake zama a kawo muku. Ƙananan gidajen abinci na musamman da za ki gani a ciki, su da kuɗinsu daban. A babban ɗakin galibi zama biyu ake yi da dare, na wuri da na can dare. Ku nemi na wuri saboda yara da Hajiya. Alherin wannan ɗakin shi ne ma'aikaci ɗaya zai riƙa yi muku hidima kullum. Tun daren farko ki gaya masa: ba ma cin alade, ba ma cin abin da aka dafa da giya, tsohuwarmu kuma ba ta cin gishiri da yawa. Ba zai yi miki kallon baƙauya ba. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan 'yan Indonesiya ne da Indiya da Filifin, akwai Musulmi a cikinsu, sun saba jin wannan. Sau da yawa ma sukan kawo takardar abincin gobe tun yau, ki zaɓa a dafa muku daban.

Alade ba kullum yake zuwa da kamanninsa ba. Yana ɓuya a yankakken nama cikin taliya da salak da wainar ƙwai, giya kuma tana shiga miyar nama da wasu kayan zaƙi, kamar kek ɗin Italiya da ake kira tiramisu. In kina shakka, kifi da ƙwai da shinkafa da ganye da 'ya'yan itace ba sa ƙarewa. Naman halal kuwa, kada ku ɗauka tun da daga Dubai aka tashi shi ke nan. A rubuta wa kamfanin yanzu, makonni kafin tafiya, a karɓi amsarsu a rubuce. Ga waɗanda ba su riga sun biya ba, akwai jirgin AROYA na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a watan Disamba na 2024, wanda ba a sayar da giya a cikinsa, abincinsa halal ne, ga wuraren sallah.

Na san jakarki tun kafin ki haɗa ta. Kasko da gawayi da turaren wuta, ki bar su a Kaduna. Babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara, don haka ba a shiga da dutsen guga ko butar dafa ruwa ko kyandir, za a karɓe a bakin ƙofa. Humra da turaren fesawa sun ishe ki. Kilishi da dambun naman da Hajiya za ta so ƙullawa, a lallashe ta ta haƙura, abincin gida da nama sukan jawo matsala a wurin bincike. 'Yar butar roba kam ki saka, da dadduma. Alƙibla kuma tana juyawa duk lokacin da jirgi ya juya, sai ku duba kafin kowace sallah, ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru tun kuna gida.

Ku kuma sauran masu karatu, ku matso, wannan ta kowa ce. Duk mun san halinmu na "ai ba za su tashi ba mu". Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da ake jira ta cika. Ku isa garin da za a tashi kwana guda kafin ranar, don in jirgin sama ya yi muku latti awa shida, kuɗinku ya bi ruwa. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6. Biza kuma a bincika ta kowace ƙasa da jirgi zai tsaya, ko da ba ku da niyyar sauka, a kuma tabbatar tana ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, tun da za a fita Dubai a sake dawowa. Wanda takardunsa ba su cika ba a bakin tasha ake barinsa, kuma ba a mayar masa da ko sisi. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo.

Ranar shiga, manyan akwatuna ana karɓarsu a ƙofa, ba za su iso ɗaki ba sai bayan awoyi. Saboda haka maganin hawan jinin Hajiya, da takardu, da kayan canjin yara, da hijabin sallah, duk a jakar hannu. Za a ba kowa kati ɗaya, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma kuɗi. Ki je wurin masu karɓar baƙi a rufe sayayya a katin yaran, in ba haka ba za su ga wurin wasanni su yi ta dannawa. Waya kuma a kashe mata layi da zarar an bar gaɓa, don kiran da ake yi a tsakiyar teku tsadarsa ta wuce misali.

Kafin jirgi ya tashi za a kira atisayen ceto, a nuna wa kowa inda zai taru da yadda ake ɗaura rigar ruwa. Kada ki ce kin gaji. A watan Janairu na 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma a cikin fasinjojin akwai waɗanda suka shiga ranar ba a kai ga nuna musu ba. Bayan nan ne aka tsaurara doka cewa a yi shi kafin tashi ko kuma da zarar an tashi. Ki riƙe hannun Hajiya ku taka har wurin, yaran su haddace harafin wurin taruwa da ke kan katinsu.

In kun sauka yawo a Doha ko Abu Dabi, ki ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofa mai nuna lokacin dawowa, ki bi agogon jirgi, don Doha tana bayan Dubai da awa guda. Kasuwar Souq Waqif ta Doha tana da daɗin shiga, kuma na san ki da ciniki. Ku dawo da sauran awa ɗaya a hannu.

Yau da dare, bayan ya ci abinci ya natsu, ki fara da yi masa godiya, sannan ki ce, "Abban yara, ɗauko mana takardun nan mu duba tare." Ki fara da lissafin makonnin cikin, sai lambar ɗaki, sai na abin sha. In kun dawo ki rubuto mini yadda Hajiya ta yi da tekun.