Rancen Karatu da Albashin Likitan Gashin Ƙashi: Yadda Lissafin Yake

BAUCHI. Ɗan kasuwar Zungur da ɗansa ko 'yarsa ta samu gurbin karatun gashin ƙashi, wato fannin farfaɗo da gaɓoɓin masu shanyewar ɓarin jiki da masu karaya da waɗanda shan inna ya taɓa, yana da lissafi biyu a gabansa. Na farko shi ne na rancen da Asusun Lamunin Ilimi na Nijeriya, NELFUND, yake bayarwa. Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne na shekaru.

An sake fasalin dokar rancen a watan Afrilu na 2024, aka soma karɓar takardun masu nema a watan Mayu. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma soma da ba ɗalibi Naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa, kuma an cire sharaɗin kawo mai tsaya wa ɗalibi da ke cikin dokar 2023. Biya yana farawa ne shekara 2 bayan kammala yi wa ƙasa hidima, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na ribar wata ga mai zaman kansa.

Ga misali, ba farashin wata jami'a ba. A ce kuɗin makaranta Naira 200,000 ne a shekara, an kuma karɓi kuɗin ɗawainiya wata 12. Cikin shekara 5 bashin zai kai Naira miliyan 2 da dubu 200. Idan albashi Naira 200,000 ne a wata, abin da za a cire Naira 20,000 ne, sai an yi wata 110 kafin a gama, wato shekara 9 da wata 2.

A ido bashin yana da tsawo, amma a aljihu yana da sauƙi. Wanda ya shiga jami'a a 2025 ya gama a 2030, sai ya yi shekara guda ta horon sanin makamar aiki a asibiti, sannan shekara guda ta hidimar ƙasa, ba zai soma biya ba sai wajen 2034. A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100. Ko da a ce kashi 20 ne kawai kowace shekara, Nairar da aka ranta a 2025 ba za ta sayi abin da ya wuce na kwabo 20 ba a 2034. Duk wanda ya taɓa ba da kaya bashi a kasuwar Wunti, aka biya shi bayan farashi ya ninka, ya san wanda ya ci riba a irin wannan ciniki. A Amurka lamarin dabam ne, domin can bashin wannan digiri yakan haura dala 100,000, kuma ruwa yana hawa kansa.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne lokaci. Karatun shekara 5 ne, a tsarin digirin dakta kuma 6. Jami'ar Ibadan ce ta soma ba da digirin a 1966, a Arewa kuwa Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri ne suka daɗe a fannin, saboda haka ɗan Bauchi da ya nufi can sai ya lissafa haya da abinci da kuɗin mota, waɗanda Naira 20,000 ba za ta ɗauke ba. Matashin da ya tsaya a shago yana samun ko da mafi ƙarancin albashi na 2024, Naira 70,000, zai tara Naira miliyan 4 da dubu 200 a shekara 5. Wannan asarar ta kusan ninka rancen, kuma ba ta bayyana a kowace takardar bashi.

Sai batun aiki. Hukumar rajistar masu wannan sana'a, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa, ba ta ba da cikakken lasisi sai an yi shekarar horo, guraben horon kuwa sun taru ne a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Wanda ya yi shekara yana jiran gurbi, shekarar ta shiga cikin kuɗin digirin. Albashin gwamnatin tarayya yana bin tsarin CONHESS, na jihohi da asibitoci masu zaman kansu yakan gaza haka, shi ya sa da yawa suke haɗawa da zuwa gida-gida duba marasa lafiya. Uba mai lissafi zai fara tambayar albashin matakin farko a asibitin da yake sa rai tun kafin a cike takardar rance.

Dokar ta ba wanda bai samu aiki ba damar neman a ɗaga masa ƙafa da takardar rantsuwa. Masu asibitoci da shagunan magani kuma su lura cewa cire kashi 10 ɗin daga albashin ma'aikaci da miƙa shi ga asusun yana wuyan mai ɗaukar aiki ne.